Daga Kontagora zuwa Bobi: Hanyoyin burji, kwarin Mariga da makomar dokin ƙarfe

Duk matafiyin da ya baro Tegina ya miƙi titin Kontagora, da zarar ya haye gadar kogin Mariga zai fara ganin ƙananan hanyoyi suna ɓallewa daga kwalta, hagu da dama, suna shigewa cikin gonakin dawa da masara. Wasu jajaye ne jawur saboda marmara, wasu farare saboda yashi, wasu kuwa faɗinsu bai wuce a bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Direban da ya taho a guje ko kallonsu ba ya yi. Amma a kan waɗannan hanyoyi ne rayuwar mafi yawan mutanen Ƙaramar Hukumar Mariga take gudana. Ta nan hatsi yake fitowa kasuwa, ta nan ake ɗauko mai naƙuda zuwa asibiti, ta nan nono yake baro ruga tun kafin rana ta ɗaga.

Abin mamaki shi ne, irin waɗannan hanyoyi da mutumin ƙauye yake kuka da su, su ne a yau wasu mutane a Amurka da Turai da gabashin Afirka suke biyan maƙudan kuɗi domin su hau keke a kansu. Tseren keke a kan hanyar burji ya zama wasa mai zaman kansa, da gasar duniya, da kamfanonin da ke ƙera kekunansa na musamman. Babu sunan Bobi a jerin wuraren da ake wannan gasa. Sai dai duk abin da masu wasan suke nema, wato kwari da tudu da tsakuwa da rafi da makiyaya, akwai shi a tsakanin Kontagora da kogin Mariga. Tambayar da ta rage ita ce: wa zai ci moriyar waɗannan hanyoyi, kuma yaushe za su sake zama wurin da mutum zai bi ba tare da waiwaye ba?

Wasan da ya gudu daga kwalta

Tseren keke na zamani ya daɗe yana bin titin kwalta, kamar yadda ake gani a shahararriyar gasar zagaya Faransa da aka fara tun 1903. Amma da motoci suka cika tituna, haɗurra suka yawaita, sai wasu mahaya suka fara karkata zuwa hanyoyin gona, inda babu tirela babu hayaƙi.

A shekarar 2006 mahaya 34 suka taru a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, suka yi tseren mil 200, wato kimanin kilomita 320, a cikin tuddan da ke kewaye da garin. Yankin ƙasar kiwon shanu ce, mai ciyawa da duwatsu masu kaifi da ke tsaga taya. Wannan tsere shi ne a yau ake kira Unbound Gravel, kuma dubban mahaya ne suke halartarsa kowace shekara, abin da ya mayar da ƙaramin garin kasuwar masu masauki da abinci da gyaran keke.

A Italiya kuwa, tun 1997 ake wani hawa da ake kira L'Eroica a yankin Tuskani, kuma ɗaya daga cikin dalilan kafa shi shi ne a kare tsofaffin fararen hanyoyin tsakuwa na yankin daga kwalta. Sharaɗin shiga shi ne mutum ya zo da tsohon keke. Mutumin Bobi da zai ji wannan labari sai ya riƙe baki: can ana taro domin kada a zuba kwalta, nan kuwa kowane zaɓe roƙon kwalta ake yi.

Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da wasan har ta shirya gasar duniya ta farko a watan Oktoban 2022 a yankin Beneto na Italiya, inda Gianni Vermeersch na Beljiyam ya yi nasara a ɓangaren maza, Pauline Ferrand-Prévot ta Faransa ta yi a ɓangaren mata.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Tun 2021 ake gudanar da gasar Migration Gravel Race a ƙasar Masai ta Kenya, tafiyar kwana huɗu mai nisan kimanin kilomita 650 a cikin dajin makiyaya. Biniam Girmay na Eritiriya ya ɗauki koriyar riga a gasar Faransa ta 2024, sannan birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar duniya ta tseren titi a watan Satumban 2025, karo na farko a nahiyar. Kusa da gida, Burkina Faso tana gudanar da gasarta ta Tour du Faso tun 1987. A Najeriya, Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci ƙasar a tseren keke na Olamfik, a birnin Paris a 2024.

Ƙasar da hanyoyin suka ratsa

Bobi tana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga, wadda hedikwatarta take Bangi, a ƙarƙashin masarautar Kontagora ta Jihar Neja. Jihar ita ce mafi girman ƙasa a Najeriya, da faɗin fiye da murabba'in kilomita 76,000, kuma wannan faɗi shi ne arzikinta, shi ne kuma nauyinta, domin hanyoyin da ake buƙata a haɗa ƙauyukanta sun fi ƙarfin kasafin shekara guda.

Kogin Mariga yana gangarowa ne daga arewa. Can sama shi ne ya raba gandun dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari da dajin Kuyambana na Zamfara, sannan ya ratso Jihar Neja ya zuba a kogin Kaduna. Ƙananan rafuka da yawa suna kwarara cikinsa, kuma kowane rafi ya yanka wa kansa kwari. Shi ya sa hanyar yankin ba ta daɗewa a miƙe: a hau tudu, a gangara fadama, a tsallake yashi, a sake hawa. Nan da can duwatsu suna tsaye a tsakiyar fili, irin waɗanda Kamukawa da sauran ƙabilun yankin suka riƙa fakewa a kansu a zamanin yaƙe-yaƙe. Itatuwan da suka fi yawa su ne kaɗanya da ɗorawa da marke da maje, sai giginya a bakin ruwa.

Waɗannan hanyoyi ba yau aka fara bin su ba. Ayarin fataken goro da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja ya riƙa ratsa wannan yanki da jakuna da takarkarai. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton, a tafiyarsa daga Busa zuwa Zariya da Kano, ya bi ta ƙasar Kotonkoro da Wamba da Birnin Gwari, a kan turbar fatake. Bayan haka ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku kuma jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Kontagora a 1864 da sarautar Sarkin Sudan. Ana faɗin cewa sunan garin ya samo asali ne daga umarnin da ya bai wa jama'arsa cewa su kwantar da gora, wato an iso masauki. Turawan mulkin mallaka sun ci garin a 1901, a zamanin ɗansa Ibrahim. Sarkin Sudan na yanzu, Alhaji Muhammadu Barau Mu'azu na Biyu, ya hau gadon ne a 2021 bayan rasuwar Alhaji Sa'idu Namaska.

Ke nan ƙasar ta san matafiya, ta san zango, ta san madugu da jagaba. Abin da mahayan zamani suke kira tsara hanya da wuraren hutu, fatake sun riga su da ɗaruruwan shekaru.

Zango uku ga mai keke

Idan aka dubi yankin da idon mai keke, ana iya raba tafiyar gida uku, kowane da halinsa.

Zangon farko shi ne kewayen Kontagora kanta. Da an fita daga gari ta kowace kusurwa, kwalta takan ƙare a shiga hanyoyin gona masu faɗi, waɗanda motocin ɗaukar hatsi suka daddaɓe. Ƙasar a nan ba ta da hawa mai tsanani, kuma ƙauyuka suna kusa da juna, don haka ruwan sha da mai faci ba sa nisa. Babbar matsalar ita ce gargada, waɗannan ƙananan kunyoyi da tayoyin mota suke bari a kan burji, masu girgiza mahayi har hannunsa ya mutu. Wanda ya saba yakan bi gefen hanya, inda ƙafafun mutane da tayoyin babura suka shafe wani siririn layi mai laushi. Wannan zango ya dace da ɗan koyo, tafiyar kilomita 20 zuwa 30 a dawo kafin hantsi ya yi zafi.

Zango na biyu yana farawa ne daga Kampanin Bobi, inda ake barin babban titi a nufi Bobi da makiyayarta. A nan hanyar mota da burtalin shanu sukan haɗu su rabu. A ƙarshen damina kofatan shanu sukan bar ramuka a cikin laka, idan rana ta busar da su sai su zama kamar an dasa duwatsu. Ga kuma tsidau da ƙayar itatuwa a kwance a gefen turba, waɗanda ba su san tsada ko arahar taya ba. Ladabin wannan zango sananne ne ga kowane ɗan ƙasa: idan aka yi kiciɓis da garke, mahayi ya sauka ya tsaya gefe, ya yi sallama, ya bari shanu su wuce. Saniya mai ɗan maraƙi ba ta son abin da ya taho a guje ba tare da ƙara ba.

Zango na uku shi ne gangarawa kwarin Mariga da hawa tuddan da ke kewaye da shi, har zuwa ɓangaren Bangi da Kotonkoro ga mai dogon numfashi. Nan ne ƙasar ta fi kyau, nan ne kuma ta fi wuya. Gangaren yakan cika da tsakuwa mai zamewa, inda riƙe birkin gaba da ƙarfi yake kayar da mutum. A ƙasan kwarin akwai yashi mai nutsar da taya, wanda ba a cin nasararsa sai an sassauta kan keke, an mayar da nauyin jiki baya, an ci gaba da taka feda ba tsayawa. Inda yashin ya yi zurfi, ba abin kunya ba ne a sauka a tura. Daga nan sai hawa, inda ruwan damina ya zaizaye hanya ya bar kwazazzabai da ƙashin dutse a fili.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Daga Yuni zuwa Satumba rafuka sukan cika, rafin da aka tsallake da safe ruwa iya idon sawu yana iya kai wa ƙirji da yamma idan an yi ruwa a can sama, kuma lakar fadama takan cushe tsakanin taya da madogararta har keke ya ƙi motsi. Maris da Afrilu kuwa zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Mafi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ƙasa ta bushe, an girbe amfanin gona, ido yana hango nesa, kuma sanyin hunturu yana rage gajiya. Ko a lokacin, ƙa'idar ita ce a fita bayan sallar Asuba, a ɗauki ruwan da ba zai gaza lita ɗaya ga kowace awa ba, a riƙe gishiri da sukari na haɗawa, da famfo da faci da sholisho da tub na ajiya, a kuma sanya hular kwano.

Keken wasa da keken aiki

Keken da aka ƙera domin tseren burji yana kama da na tseren titi, da kansa mai lanƙwasa ƙasa, amma tayarsa ta fi faɗi, daga milimita 35 zuwa 50, alhali ta titi ba ta cika wuce 30 ba. Yawanci ba a sa masa tub. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa cikin tayar, wanda yake toshe hudar ƙaya nan take. Birkinsa na faifai ne, yana kamawa ko a cikin laka, yana da giya masu yawa domin hawa, kuma nauyinsa bai cika wuce kilo 10 ba. Farashinsa kuwa yakan fara ne daga wajen dala 1,000, mai kyau sosai ya ninka haka sau da yawa. Da kuɗin guda ɗaya ana iya sayen babur sabo.

Keken da ya san hanyar Bobi daban ne. Baƙi ne, mai nauyin da ya kusa ninka na wancan, giyarsa ɗaya, birkinsa na sandar ƙarfe, kariyarsa kuma sau da yawa maƙeri ko mai walda ya ƙara mata ƙarfi domin ta ɗauki buhun masara ko jarkokin ruwa. Ba ya gudu, amma duk abin da ya lalace a jikinsa akwai mai gyara a ƙarƙashin bishiya ranar kasuwa. Sannu ba ta hana zuwa.

Dattawan Arewa ba su manta zamanin da keken Raleigh na Ingila yake alamar rufin asiri ba. Malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin En'e duk da shi suke zagaya ƙauyuka, ango yakan yi masa ado da madubai da ƙararrawa, kuma kasuwarsa ta kai ga kamfanin ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano. Daga baya Phoenix na Sin da kekunan Indiya suka shigo da araha. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ɗora ma'aikata a kan babura da motoci, sannan Jincheng da Bajaj suka mamaye ƙauyuka, keke ya koma na yara da na wanda ba shi da hali. Lokacin da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a gwamnatin Obasanjo, ya yi kiran a koma hawan keke har ya hau da kansa a Abuja a 2001, dariya aka yi masa, musamman bayan da mota ta ture shi.

Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya sauya lissafin. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000. A ƙauyen da ba shi da gidan mai, inda ake saye a kwalba a hannun 'yan bumburutu, tsadar ta fi haka. Manomin da gonarsa take kilomita 8 daga gida ya fara duban tsohon keken da ke jingine a zaure da wani ido. Da tsohuwar zuma ake magani.

A wasu ƙasashen Afirka an ɗauki wannan al'amari da muhimmanci. Ƙungiyar World Bicycle Relief, da aka kafa a 2005, ta ƙera keke mai suna Buffalo domin hanyoyin karkara, wanda kariyarsa take ɗaukar kilo 100, ana kuma raba shi ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya da masu kai madara a ƙasashe irin su Zambiya da Kenya da Malawi, tare da horar da masu gyara a kowane yanki.

Madara ba ta jiran kowa

Babu inda darajar hanya ta fi fitowa fili kamar a makiyayar Bobi. Wannan fili mai kimanin hekta 30,000 yana cikin makiyayu fiye da 400 da aka keɓe a Najeriya, waɗanda tushensu yake komawa ga dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya bayyana cewa ƙasar tana kashe tsakanin dala biliyan 1.2 zuwa 1.5 a kowace shekara wajen shigo da madara, ya kuma matsa wa kamfanonin da su zo su zuba jari a kiwo na cikin gida. A ƙarƙashin wannan shiri ne gwamnatin Abubakar Sani Bello ta buɗe Bobi ga masu zuba jari, kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai madarar Peak, ya karɓi hekta 10,000.

Sai dai ɗanyar madara tana da agogonta. Idan ba a kai ta wurin sanyayawa cikin awa biyu zuwa uku da tatsa ba, a sauke zafinta zuwa wajen digiri 4, takan fara tsami a ƙi saye. Matar da ta ɗauko ƙwarya a ka tana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa guda. Keke mai ɗauke da kaya a kan burji mai kyau yana iya ninka wannan sau biyu ko uku, ba tare da ɗigon fetur ba. Bambancin da ke tsakanin rugar da za ta shiga kasuwar madara da wadda za ta tsaya ga kindirmo da man shanu kawai, sau da yawa kwalbati guda ne a kan rafi.

Najeriya tana da hanyoyi masu tsawon kimanin kilomita 200,000, mafi yawansu ba su da kwalta, kuma kaso mafi girma yana wuyan ƙananan hukumomi. Jihar Neja tana cikin jihohin da suka amfana da kashi na biyu na shirin hanyoyin karkara na RAMP, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa suka tallafa. Darasin irin wannan aiki shi ne, hanyar burji ba ta buƙatar kwalta kafin ta yi amfani. Abin da take buƙata shi ne a ɗaga tsakiyarta domin ruwa ya gangare, a haƙa mata magudana, a sa kwalbati, a kuma bi ta da gireda bayan kowace damina. Inda aka bar ta shekara biyu ba kulawa, ruwa yakan karɓe abinsa.

Abin da ya hana ruwa gudu

Duk wannan bayani zai zama yaudara idan aka ɓoye babbar magana. Hanyoyin da suka dace da keke su ne kuma 'yan bindiga suke bi a kan babura, daga dazuzzukan da suka haɗa Neja da Zamfara da Kaduna da Kebbi. Mariga da maƙwabtanta Rafi da Mashegu da Magama sun sha hare-hare da satar shanu da garkuwa da mutane. A ranar 17 ga Fabrairu, 2021 aka sace ɗalibai da ma'aikata daga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara. A ranar 30 ga Mayu na shekarar aka kwashe yara fiye da 100 daga Islamiyyar Salihu Tanko da ke Tegina, waɗanda suka shafe kusan wata uku a daji. A cikin wannan shekara gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin shanu na mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Matakan sun ƙuntata wa ɓarayi, sun kuma ƙuntata wa talakan da ba shi da abin hawa sai babur.

Saboda haka, zango na biyu da na uku ba wuraren da baƙo zai ɗauki keke ya shiga don ganin ido ba ne a halin da ake ciki. Haɗarin ma ta fuska biyu yake. Mutum mai keken miliyoyin naira da tufafi masu ƙyalli ya riga ya tallata kansa ga mai neman kuɗin fansa. Sannan a ƙauyen da aka sha cuta da masu kai rahoto, baƙon da aka gani yana ɗaukar hoton hanya da gada, yana duba taswira a waya, 'yan banga suna iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri kafin ya gama bayani. Duk mai niyyar tafiya sai ya fara da hukumomin tsaro da fadar hakimi da dagaci, ya samu ɗan gari ya yi masa jagora, ya kuma karɓi hukuncinsu idan suka ce a dakata. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ya fi asara a nan ba ɗan wasa ba ne, domin shi yana da wasu wuraren. Mai asarar shi ne manomin da ya bar gonarsa ta bakin kogi ba shuka, da yarinyar da aka cire daga makaranta saboda nisan hanya, da mai gyaran keken da kasuwarsa ta daina ci.

Inda za a iya farawa

Duk da haka akwai abin da ba sai an jira komai ya daidaita ba. Kontagora gari ne mai ɗalibai, mai barikin soja da cibiyar horar da sojoji, mai kuma matasa da yawa da suka iya keke tun suna yara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa takan yi hawan keke domin ranar. Gajeren zagaye a kewayen gari, da rana tsaka, a kan hanyar da jami'an tsaro suka amince da ita, abu ne da ƙaramar hukuma da masarauta za su iya ɗaukar nauyinsa. Idan aka yi shi da hunturu, bayan girbi, ya fi dacewa da ƙasar da kuma aljihun mutane.

Muhimmin sharaɗi shi ne a yi rukunin keken gida, mai giya ɗaya, kamar yadda Italiyawa suka girmama tsofaffin kekunansu, domin ɗan ƙauyen da yake kai buhu kasuwa kullum ya gwada ƙafarsa. Ta irin wannan hanya ce ake gano gwanaye. Ɗakin tseren keke da aka gina a babban filin wasa na Abuja domin wasannin Afirka na 2003 yana nan, kuma hukumar tseren keke ta Najeriya tana buƙatar sababbin mahaya daga kowane sashe na ƙasa.

Akwai kuma aikin da masu keke suka fi kowa iyawa, wato sanin halin hanya taku bayan taku. Ɗaliban Kontagora da suka fito daga ƙauyukan Mariga za su iya tattara bayanin inda kwalbati ya karye, da inda rafi yake yanke hanya, da watannin da ba a wucewa, su miƙa wa kansiloli da ma'aikatar ayyuka. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, jama'a sun samu ƙofar da za su ƙwanƙwasa su tambayi inda kuɗin gireda ya shiga. Sabuwar Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024, da gwamnatin Mohammed Umaru Bago da ta ɗauki noma a matsayin tutarta, su ma suna da dalilin duba hanyoyin da ke shiga Bobi, domin duk jarin da aka zuba a makiyayar ta kansu zai fito.

A yanzu dai, da sanyin safiya, masu kekunan yankin suna nan suna fita kamar kullum. Wani ya ɗaure fartanya a jikin ƙarfe, wani ya ɗora ɗansa a kariya, wani yana tura buhu a kan tudu yana haki. Kafin su bar gari sukan tsaya a bakin masallaci ko wurin mai shayi su tambayi wanda ya shigo daga ƙauyen gaba ko hanya lafiya. Amsar da suka samu ita ce take yanke ko ranar za a je gona.